Daga Kwararafa zuwa aji: Wa ke da alhakin ran ɗalibin kwaleji a Jos idan ta ɓaci?

Da misalin ƙarfe bakwai na safe a lokacin hunturu, unguwar Kwararafa da ke tsakiyar birnin Jos kan cika da matasa rataye da jakunkuna, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi yana jiran keke mai ƙafa uku. Masu shayi sun hura wuta, masu ƙosai sun ɗora kasko, hazo bai gama yayewa daga kan duwatsu ba. Wasu daga cikin matasan za su nufi Titin Bauchi, inda Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da wani reshe na Jami'ar Jos suke. Wasu kuma za su bi ta Taminus su kama hanyar Bukuru, masu nisan zango su wuce har Vom ko Barikin Ladi.

Da yawansu ba sa kwana a cikin makaranta. Wani yana gidan iyayensa, wani ya haɗa kuɗi da abokai uku sun kama ɗaki guda, wata kuma tana zaune wurin gwaggonta. Makaranta ta san lambar rajistar kowannensu da adadin kuɗin da ya biya. Abin da ba kowace makaranta ta sani ba shi ne inda ɗalibin ya kwana jiya, hanyar da ya biyo yau, da lambar wayar da za a kira idan magariba ta yi bai koma gida ba.

A garin da ya sha ganin dokar hana fita ta sa'o'i 24, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Duk wata masifa da ta taɓa ɗalibai a Jos cikin shekaru ashirin da 'yan kai da suka wuce, rikici ne ko gobara, ambaliya ko rushewar gini, ta nuna abu guda: sa'ar farko ce ke raba wanda zai tsira da wanda za a rasa, kuma abin da za a yi a wannan sa'ar tun kafin ta zo ake tsara shi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Kwalejoji da yawa, iyayen gida daban-daban

Idan ana maganar manyan makarantun Filato, Jami'ar Jos ce ke fara zuwa a rai. Ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafarta a 1975, kuma tana da girman da idan ta yi tari Abuja za ta ji. Amma a kewayenta akwai ƙananan kwalejoji da ke ɗauke da 'ya'yan talakawa da na ƙananan ma'aikata, masu neman difloma ta shekara biyu domin su samu abin riƙe kai da wuri.

Akwai Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya, wadda tarihinta ya faro tun 1958, tana ƙarƙashin Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ƙasa da ke Ibadan, wadda ita kuma ke ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli. Akwai kwalejin tarayya ta horar da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwajen asibiti a cikin Jos, wadda Ma'aikatar Lafiya ke kula da ita. A Vom akwai kwalejojin tarayya na lafiyar dabbobi da kiwo, a gefen cibiyar binciken cututtukan dabbobi da aka kafa a 1924. Ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Filato a Barikin Ladi, mai reshe a Jos, da makarantun koyon aikin jinya da na kiwon lafiya, na gwamnati da masu zaman kansu.

Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ita ce ke tantance kwasa-kwasan difloma na irin waɗannan makarantu. Sai dai mai tantance kwas daban, mai biyan albashi daban, mai gina katanga daban. Asusun TETFund, wanda ya gina ajujuwa da ɗakunan karatu a jami'o'i da dama, dokarsa ta 2011 ta taƙaita tallafinsa ga jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi na gwamnati. Kwalejojin da ke koyar da fanni guda, irin na noma da gandun daji da lafiya, sun daɗe suna kokawa cewa an bar su a baya. Saboda haka idan shugaban irin wannan kwaleji yana neman kuɗin gyara wayoyin lantarkin ɗakin kwana ko sayen motar ɗaukar marasa lafiya, sai ya yi layi a kasafin ma'aikatar da ba ilimi ne babban aikinta ba.

Illar wannan ta fito fili a daren 11 ga Maris, 2021, lokacin da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka a Kaduna, 'yar'uwar ta Jos a ƙarƙashin cibiya guda, suka yi awon gaba da ɗalibai 39. Sai a farkon watan Mayu na ƙarshensu suka shaƙi iskar 'yanci. Kafin nan, a Satumbar 2013, an kashe ɗalibai sama da 40 suna barci a Kwalejin Aikin Gona ta Gujba a Yobe, sannan a Satumbar 2014 aka kai hari Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Kano. Babu jami'a ko ɗaya a cikin ukun nan.

Darasin Agustan 2021

Jos ba ta buƙatar aron misali daga nesa. Tun rikicin 7 ga Satumba, 2001, zaman garin ya sauya. Bayan na Nuwambar 2008 da na Janairun 2010, iyalai da dama sun yi ƙaura zuwa unguwannin da 'yan addininsu suka fi yawa, har garin ya rabu da iyakokin da babu su a taswira amma kowane direban keke ya san su. Aji ne ya rage ɗaya daga cikin 'yan wuraren da ɗan Unguwar Rogo da ɗan Unguwar Rukuba ke zama a benci guda. Wannan alheri ne babba, amma yana nufin kusan kowane ɗalibi sai ya ratsa unguwar da ba tasa ba kafin ya isa makaranta ko ya koma gida.

A ranar Asabar 14 ga Agusta, 2021, aka tare wasu matafiya a Titin Rukuba suna dawowa daga taron addini a Bauchi, aka kashe fiye da 20 daga cikinsu. Gwamnatin Simon Lalong ta sa dokar hana fita, wadda ta kai ta sa'o'i 24 a Jos ta Arewa. Jami'ar Jos ta dakatar da jarrabawa, an rasa rayukan ɗalibai a kwanakin da suka biyo baya, kuma kwana goma bayan harin farko aka kai wani a Yelwa Zangam, kusa da mazaunin jami'ar. Gwamnatocin jihohi da dama, na Kudu da na Arewa, suka aiko da motocin safa da rakiyar jami'an tsaro domin kwashe 'ya'yansu.

Wanda ke ɗakin kwanan makaranta yana da sauƙin samu, domin an san ƙofar da za a tsaya a kira shi. Matsalar tana ga wanda ke haya a cikin gari. Dokar hana fita ta same shi a ɗaki, garin kwakinsa ya ƙare, cajin wayarsa ya mutu, ba shi da tabbacin ko motar jiharsu ta zo, balle ya san inda za ta tsaya. Idan ɗalibin jami'a ne, aƙalla ƙungiyar ɗaliban jiharsu tana da murya. Idan na ƙaramar kwaleji ne, yana iya zama babu wanda ya sa shi a lissafi.

Maganin wannan ba ya cin kuɗi mai yawa. Rajista ce da ake sabuntawa kowane zangon karatu, mai nuna unguwar da kowane ɗalibi yake, lambar wayarsa da ta wani makusancinsa, da ko yana da wata larura ta rashin lafiya. Sai a raba ɗaliban rukuni-rukuni bisa unguwanni, kowane rukuni da wakili da kuma malamin da ke kula da shi. Sai tsayayyar hanya guda ta aika sanarwa, wadda kowa ya san daga hukumar makaranta take fitowa. A ranar tashin hankali jita-jita ta fi mota gudu, kuma saƙon WhatsApp na ƙarya guda ɗaya ya isa ya tura ɗalibai su fito daga inda suke lafiya su faɗa inda ake gudu.

Akwai kuma shawarar da ta fi kowace wuya ga shugaban kwaleji: a sallami ɗalibai ko a tsare su a ciki? Abin da zuciya ke fara rayawa shi ne a buɗe ƙofa kowa ya tafi gida. A Jos, sau da yawa hanyar ce ta fi harabar makaranta haɗari. Makarantar da ta yi tunanin wannan tun da wuri za ta tanadi zauren da zai ɗauki mutane na kwana ɗaya ko biyu, da ruwan sha, da makewayi na maza da na mata, da lambar wayar baturen 'yan sandan yankin da ta kwamandan sashen rundunar tsaro ta musamman da aka girke a jihar tun 2010. Wadda ba ta yi ba, shugabanta zai yanke hukuncin rai da mutuwa a tsaye cikin minti biyar.

Wuta, ruwa da siminti

Ba kowace masifa ce ke zuwa da bindiga ba. A ranar 8 ga Oktoba, 2016, gobara ta cinye ginin ɗakin karatu na Jami'ar Jos da ke Naraguta, ta lashe littattafai da ofisoshi da takardun da aka shafe shekaru ana tarawa. Mazauna Kwararafa kuwa ba sa buƙatar a tuna masu da gobarar babbar kasuwar Taminus ta Fabrairun 2002, domin kangonta ya daɗe a gabansu.

Yanayin Jos kansa yana ƙara haɗarin wuta. Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma daga Disamba zuwa Janairu sanyinsa kan sa ɗalibi ya yi duk dabarar da zai iya. Ana jona hita a soket guda da dutsen guga da cajar waya, a ɗauke wuta a manta ba a cire ba, a dawo da ita babu kowa a ɗaki. Ana shigar da tukunyar gas ko risho cikin ɗakin kwana. Mafi muni, ana shigar da kaskon gawayi a rufe ƙofa da taga. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, mai barci ba ya jin shigarta, sai dai a wayi gari a fasa ƙofa.

A nan ne tsaro da kariya daga gobara ke cin karo da juna. Saboda tsoron ɓarayi da mahara, an sanya wa tagogi ƙarafa, an rage ƙofofi zuwa guda, ana garƙame ta da kwaɗo da dare, mabuɗin yana aljihun maigadin da wataƙila ya zagaya. Ginin da aka tsare daga mai shigowa ya koma keji ga mai neman fita. Ƙa'idar a bayyane take: kowane ɗakin kwana da kowane babban zaure ya kasance da mafita biyu, ƙofa ta riƙa buɗewa zuwa waje, kuma na ciki ya iya buɗe ta ba tare da neman mabuɗi ba. Tukunyar kashe gobara da ke rataye a bango ba ta da amfani idan allurarta ta sauka ko babu wanda ya taɓa zare mata fil. Ɗalibai nawa ne suka san cewa ba a watsa ruwa a wutar lantarki ko ta man girki?

Ruwa ma ya yi tasa ɓarnar. A Yulin 2012, bayan mamakon ruwan sama, ambaliya ta bi ta Rikkos da Gangare da makwabtansu cikin dare ta kashe mutum fiye da 30. Gidajen haya masu araha, irin waɗanda aljihun ɗalibi ke iya ɗauka, sau da yawa su ne na bakin rafi.

Sai kuma safiyar Juma'a 12 ga Yuli, 2024, da ginin bene na makarantar Saints Academy da ke Busa Buji ya rufta kan ɗalibai, mutum 22 suka rasu, sama da 100 suka jikkata. Makarantar sakandare ce, amma darasinta ya shafi duk inda ake tara ɗaruruwan matasa a saman bene. Makwabta ne suka fara isa wurin, da hannu da shebur, kafin motocin tono su iso. An rarraba waɗanda aka ciro zuwa asibitocin garin, gwamnatin jiha ta umarci a karɓe su ba tare da neman kuɗi ko cike takarda ba. Iyaye kuwa suka riƙa zarya daga wannan asibiti zuwa wancan suna neman 'ya'yansu. A irin wannan rana, takardar sunayen waɗanda suka shiga aji da safe ta fi kowace takarda daraja.

Ɗakin shan magani da ake rufewa da la'asar

Akasarin abin da ke kai ɗalibi asibiti ba ya shiga labarai. Zazzaɓin cizon sauro ne, taifot, gudawa, asma, haɗarin keke, ko ciwon sikila da sanyin Jos ke tayarwa. A ƙananan kwalejoji da dama a faɗin ƙasar nan, ɗakin shan magani ɗaki ɗaya ne da gado ɗaya ko biyu, yana bin lokacin ofis. Ciwo kuwa bai san lokacin tashi daga aiki ba.

Jos tana da tarihi na musamman da cutar da ta fi dacewa a yi hattara da ita a ɗakunan ɗalibai. A 1969 aka kawo wata ma'aikaciyar jinya daga garin Lassa zuwa asibitin mishan na Jos, wanda aka fi sani da Jankwano, yanzu Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham. Ta rasu, cutar ta kama waɗanda suka yi jinyarta, daga nan duniya ta san zazzaɓin Lassa. A farkon 1970 cutar ta sake ɓulla a asibitin, ta kashe likita Jeanette Troup wadda ke bincike a kanta. Har yau Filato na cikin jihohin da Hukumar NCDC ke samun rahoton cutar daga gare su, musamman da rani. Ɓera ne ke yaɗa ta ta fitsari da kashinsa a abinci, tana iya ɗaukar har kwana 21 kafin ta bayyana, kuma farkonta kamar zazzaɓin cizon sauro take. Ɗakin da mutum huɗu ke kwana, buhun garin kwaki a buɗe a ƙarƙashin gado, shara a bakin ƙofa, ya cika duk sharuɗɗan da ɓera ke so. Ma'aikacin jinyar da ya san cewa zazzaɓin da ya ƙi jin magani bayan kwana biyu ko uku abin turawa babban asibiti ne, yana iya ceton ɗaki guda har da kansa.

Haka sanƙarau yake a lokacin zafi da ƙura: zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, kuma sa'o'i kaɗan na jinkiri suna iya zama ajali. Da damina kuma kwalara ce, wadda ke bin rijiyar da ke kusa da masai. Taimakon farko gare ta yana cikin kowane kanti: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba mara lafiya yana kurɓa ana kan hanyar asibiti.

A takarda, ɗalibi yana da kariya. Akwai shirin inshorar lafiya na ɗaliban manyan makarantu da ake kira TISHIP, kuma dokar Hukumar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan ƙasa. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, sannan wata doka ta 2017 ta wajabta yi wa wanda aka harba magani ko da babu takardar 'yan sanda. Tambayar ita ce ko ɗalibin da aka cire wa kuɗin lafiya a cikin kuɗin makaranta ya san asibitin da zai je da ƙarfe biyu na dare, da kuma motar da za ta kai shi. Daga tsakiyar gari, Asibitin Ƙwararru na Jiha da Jankwano sun fi kusa. Mazaunin dindindin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana can Lamingo. Kwalejin da ta ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da asibiti mafi kusa da ita, ta liƙa sunansa da lambar wayarsa a kowane ɗaki tare da lambar kiran gaggawa ta 112, ta rage rabin tafiyar.

Abin da ke rubuce a Abuja

Ba a rasa manufofi ba. Bayan sace 'yan matan Chibok, an ƙaddamar da shirin kare makarantu a Abuja a Mayun 2014. Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu ta Oslo a 2015, kuma Abuja ce ta karɓi baƙuncin taron duniya na huɗu a kanta a Oktobar 2021. A wannan shekarar aka fitar da manufar ƙasa kan tsaron makarantu da mafi ƙarancin ƙa'idojin da ya kamata kowace makaranta ta cika. A Disambar 2022 aka ƙaddamar da tsarin samar da kuɗin kare makarantu na 2023 zuwa 2026, mai ƙiyasin Naira biliyan 144.8, sannan a Fabrairun 2023 aka buɗe cibiyar tsara kai ɗauki ga makarantu a hedikwatar Hukumar Sibil Difens.

Sai dai satar ɗalibai ce ta haifi waɗannan tsare-tsare, shi ya sa hankalinsu ya fi karkata ga katanga da ƙofa da masu gadi, da kuma makarantun firamare da sakandare na kwana. Wannan buƙata ce ta gaske. Amma katanga ba ta raka ɗalibi zuwa Kwararafa, ba ta kashe gobara, ba ta gane zazzaɓin Lassa. Kwalejin jeka-ka-dawo da ke tsakiyar gari, wadda ba ta ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi kai tsaye, tana iya faɗawa tsakanin kujeru biyu ba tare da kowa ya yi niyyar yar da ita ba.

Amurka ta fuskanci makamanciyar wannan matsala, domin a can ma akwai ɗimbin kwalejojin al'umma na shekara biyu da yawancin ɗalibansu daga gida suke zuwa. Wata dokar tarayya ta 1990, wadda ake kira Dokar Clery, ta ɗaure tallafin kuɗin gwamnati da sharaɗin cewa kowace kwaleji ta riƙa wallafa rahoton tsaro duk shekara. Bayan harbin da ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech a Afrilun 2007, inda aka soki hukumar makarantar kan jinkirin kusan sa'o'i biyu kafin ta gargaɗi ɗalibai, aka gyara dokar a 2008. Yanzu wajibi ne a sanar da ɗalibai nan take idan akwai haɗari, kuma a gwada tsarin aƙalla sau ɗaya a shekara. Abin ɗauka a nan shi ne dabarar: mai ba da kuɗi ya sa sharaɗi, ya kuma nemi shaida.

Shi kansa gwajin sai da lura. A Nuwambar 2015, watanni bayan harin Garissa da ya ci rayuka 148 a Kenya, jami'ar Strathmore da ke Nairobi ta yi atisayen harin ta'addanci ba tare da ɗalibai da yawa sun san gwaji ba ne. Mutane suka riƙa dirowa daga bene, ma'aikaciya ɗaya ta rasu, da dama suka jikkata. A garin da ƙarar fashewar taya ke iya watsa kasuwa, kamar Jos bayan tagwayen bama-baman Taminus na 20 ga Mayu, 2014 da suka kashe aƙalla mutum 118, atisayen ba-zata ganganci ne. A sanar da ɗalibai, a sanar da makwabta da masu unguwanni, a yi shi da rana tsaka.

Abin da Jos ke da shi a hannu

Abin da zai ba mai nazari mamaki shi ne yawan kayan aikin da ke cikin garin. Ofishin shiyyar Arewa ta Tsakiya na Hukumar NEMA yana Jos. Akwai hukumar agajin gaggawa ta jiha, da 'yan kwana-kwana, da ƙungiyar Red Cross. A tsaunukan Shere akwai cibiyar tarayya ta horar da matasa jagoranci da juriya. Akwai Hukumar Wanzar da Zaman Lafiya ta Jihar Filato da aka kafa a 2016. Ga kuma 'yan agaji na Izala, ƙungiyar da a Jos aka kafa ta a 1978, da na Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam, da takwarorinsu na coci-coci irin su Boys' Brigade, waɗanda suka saba da tsara taro da ɗaukar wanda ya faɗi. Wasu daga cikinsu ɗaliban kwalejojin ne da kansu, sai dai makarantunsu ba su taɓa tambayarsu ba.

Kwana biyu na horo sun isa a koya wa wakilan aji yadda ake danne rauni a tsayar da jini, yadda ake kwantar da wanda ya suma, da yadda ake danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya, domin ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin 'yan mintoci idan jini bai kai mata ba. Zama ɗaya a kowane zango tsakanin hukumar kwaleji da masu unguwanni da limamai da fastoci da shugabannin 'yan keke ya isa a fahimci juna cewa ɗalibi baƙon kowa ne, kuma a san gidan da zai fake idan hanya ta rufe. Tarihin rikice-rikicen Filato yana cike da mutanen da suka ɓoye makwabtan da ba addininsu ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne a mayar da wannan halin kirki tsari, kada a bar shi ga sa'a.

Ga jami'in da fayil ɗin irin wannan kwaleji zai biyo ta teburinsa, ko hadimin ɗan majalisar da ke shirya wa maigidansa tambayoyin zaman kare kasafi, akwai abubuwan da amsarsu ba ta buƙatar kwamiti. Yaushe aka sabunta rajistar mazaunin ɗalibai? Yaushe injiniya mai lasisi ya duba benaye da wayoyin lantarki, kuma ina rahotonsa? Ranar nawa ga wane wata aka yi atisayen ƙarshe, minti nawa aka ɗauka kafin a fitar da kowa? Wa ke ɗakin shan magani bayan ƙarfe huɗu na yamma? Wa ke da ikon ba da umarnin rufe makaranta idan shugaba yana Abuja wurin taro? Idan Hukumar NBTE ta sa waɗannan cikin sharuɗɗan sabunta izinin kwas, ma'aikatun da ke riƙe da kwalejojin kuma suka ware masu layi a kasafi, za a ga canji kafin zagayowar shekara.

Da yamma, bayan an fito daga sallar la'asar a Babban Masallacin Jos, kekuna kan fara dawo da matasan nan Kwararafa ɗaya bayan ɗaya. Iyaye mata na leƙen ƙofa, masu gidajen haya na ƙirga fitilun da aka kunna. A yawancin ranaku kowa yana dawowa. Ranar da wani bai dawo ba, iyalinsa za su fara da kiran wayarsa, sannan ta abokinsa, sannan su nufi makaranta. Abin da za su tarar a can, mutum mai riƙe da rajista da lambar asibiti ko ƙofa a garƙame, ya danganta da takardar da wani zai sa wa hannu a Abuja a wannan shekarar.